Tallafin Gwamnati ga Kamfanonin Mota da Zargin Tsadar Ƙwadago: Waiwaye daga Bakolori

Tsakure

Duk sa'ad da kamfanin ƙera motoci ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi har ya nemi gwamnati ta cece shi, abin da akan fara ɗora wa laifi shi ne albashin ma'aikata da ƙarfin ƙungiyarsu. Wannan muƙala ta bi diddigin zargin ta wata hanya da ba a saba bi ba, wato ta madatsar ruwa ta Bakolori da filayen ban-ruwanta a Maradun da Talata Mafara da Bakura, aikin da wani reshen kamfanin Fiat ya gudanar. An jera abin da ya faru a can da abin da ya faru a Turin da Detroit da Kakuri, domin a ga wanda ke ɗaukar nauyin tallafi da kuma wanda ake kira wurin rabon nauyin.

1.0 Gabatarwa

Abubuwa uku sun faru a shekarar 1980 waɗanda ba kasafai ake haɗa su a zance guda ba. A watan Janairu shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta sa gwamnati ta tsaya wa kamfanin Chrysler a kan bashin dala biliyan 1.5, bisa sharaɗin ma'aikata 'yan ƙungiya su haƙura da fiye da dala miliyan 460 daga haƙƙoƙinsu. A watan Oktoba, bayan yajin aikin kwana 35 a birnin Turin na Italiya, kamfanin Fiat ya tura ma'aikata kimanin 23,000 gida, wani asusu da hukuma ke gudanarwa ya ɗauki nauyin biyan su kaso mai tsoka na albashinsu. Tsakanin waɗannan biyu, ranar 28 ga Afrilu, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye da aikin Bakolori, inda manoma suka daɗe suna tare hanyoyin aikin suna neman diyyar gonakinsu. Kamfanin da ke riƙe da kwangilar, Impresit, na gidan Fiat ne.

A dukkan wuraren uku akwai gwamnati da ta zuba dukiyar jama'a a harkar wani babban kamfanin injuna, akwai kuma talakawan da aka nemi su ɗauki wani ɓangare na asarar. Inda aka bambanta shi ne yadda aka nemi hakan. Ma'aikacin Chrysler ya kaɗa ƙuri'a a kan yarjejeniyar da ta rage masa samu. Na Fiat ya sha kaye a yajin aiki, amma ya koma gida da takardar karɓar kuɗi duk wata. Manomin Bakolori kuwa da bindiga aka amsa masa a ƙarshe.

2.0 Kalmomi Biyu

Muhawarar tana tafiya ne a kan kalmomi biyu da suka cancanci a ɗan tsaya a kansu. A asalin amfani, *ƙwadago* aikin lada ne, galibi a gona: mai gona ya ɗauki ɗan ƙwadago, su yi jinga a kan kadada ko a biya shi da yini, rana ta faɗi kowa ya kama gabansa. Babu fansho, babu garatuti, babu asibiti. Da aka tashi fassara sunan uwar ƙungiyar ma'aikata ta ƙasa, sai aka ce Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya. Da haka kalmar ta tashi daga kan ma'aikacin da ya fi kowa rashin gata ta koma kan wanda ya fi kowa kariya. Wannan ya sa idan an ce “tsadar ƙwadago” mai sauraro a karkarar Zamfara zai iya tuna kuɗin masu noman damina, alhali mai magana yana nufin albashi da alawus da fansho da kuɗin magani na ma'aikacin masana'anta.

*Tallafi* kuwa tana da faɗi. Ta bambanta da *agaji*, wanda ake kai wa wanda gobara ko ambaliya ta afka wa, ta kuma bambanta da *rangwame*, wanda sassauci ne a farashi. A cikin tsofaffin ma'anoninta akwai riƙon ɗan wani, a raine shi har ya girma. Wannan ma'ana ita ta fi dacewa da hujjar da gwamnatocin Nijeriya suka kafa a shekarun 1970: masana'antar jaririya ce, a riƙe ta har ƙafafunta su yi ƙwari. Abin da aka yi wa Chrysler da General Motors a 2008 da 2009 ya fi kusa da *ceto*, domin tsofaffin kamfanoni ne da ruwa ya kusa cinyewa. Kafofin yaɗa labarai na Hausa sukan kira duka biyun tallafi, kuma hakan yana ɓoye wani bambanci: mai ceto yana tambayar abin da ya jefa mutum a ruwa, mai riƙo yana tambayar ranar da yaro zai tsaya da kansa.

3.0 Lissafin Dala 70

Inda zargin tsadar ƙwadago ya fi fitowa fili shi ne Amurka a ƙarshen 2008. Cinikin motoci ya faɗi, bankuna sun daina ba da rance, shugabannin General Motors da Chrysler da Ford suka je majalisa neman taimako. A lokacin wani adadi ya bazu a jaridu: wai ma'aikaci ɗan ƙungiyar UAW yana cin fiye da dala 70 a kowace sa'a, alhali takwaransa na masana'antun Toyota da Honda da ke cikin Amurkar, waɗanda ba su da ƙungiya, bai kai dala 50 ba. Da wannan hujja wasu sanatoci, musamman Bob Corker na jihar Tennessee, suka nemi a daidaita albashin biyu cikin gaggawa kafin a ba da ko anini. Ƙungiyar ta ƙi amincewa da wa'adin, ƙudirin ya mutu a majalisar dattawa ranar 11 ga Disamba. Kwana takwas bayan haka shugaba George Bush ya ware dala biliyan 17.4 daga asusun da aka tanada domin ceton bankuna.

Adadin na dala 70 ba ƙarya ba ne ɗungurungum, amma haɗa shi aka yi. Albashin hannu bai kai dala 30 a sa'a ba. Idan aka ƙara kuɗin ƙarin lokaci da hutu da inshorar lafiya da tanadin fansho na ma'aikacin kansa, sai a tashi wajen dala 55. Ragowar kuɗin fansho da magani ne na tsofaffin ma'aikatan da suka riga suka bar aiki, aka tara aka raba a kan sa'o'in waɗanda ke bakin aiki. Kamfanin da ya haura shekara 100, ya kuma rage ma'aikata ƙwarai, dole tsofaffinsa su ninka masu aikinsa. Masana'antun Japanawa a Amurka kuwa daga shekarun 1980 aka fara kafa su, ba su tara tsofaffi ba tukuna. Akwai kuma abin da ya shafi tsarin ƙasar: a Jamus da Japan nauyin lafiyar tsoho yana rarrabe a kan tsarin inshora na ƙasa, a Amurka ya faɗo a kan kamfani, har General Motors ya riƙa cewa kuɗin magani kaɗai yana ƙara kimanin dala 1,500 a kan kowace mota. Duk da haka, kuɗin aikin harhaɗawa bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan mota ba.

Wannan ba ya wanke ƙungiyar tas. Tsarin da ya bar ma'aikacin da aka dakatar yana karɓar kusan cikakken albashi ba tare da aiki ba nauyi ne na gaske, kuma an soke shi. A zamanin Barack Obama kamfanonin biyu suka bi ta kotun fatara, Chrysler a Afrilun 2009, General Motors a watan Yuni. Gwamnati ta zuba kusan dala biliyan 80 a harkar baki ɗaya, ta dawo da mafi yawa, ta yi asarar kimanin biliyan 9. Ma'aikata suka yarda ba za su shiga yajin aiki ba har 2015, sababbin ɗauka suka ci gaba da karɓar kusan rabin albashin tsofaffi, asusun maganin masu ritaya ya karɓi hannun jari a madadin tsabar kuɗin da yake bi. Wanda aka miƙa wa ragamar Chrysler, da kashi 20 na hannun jari ba tare da ya biya tsaba ba, shi ne Fiat.

4.0 Kakuri: Inda Albashi Ya Faɗi, Masana'anta Ta Bi Shi

A Nijeriya gwamnati ce ta haifi masana'antar tun daga tushe. Da kuɗin man fetur na shekarun 1970 aka kafa masana'antu shida na haɗin gwiwa da kamfanonin Turai: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas domin ƙananan motoci, sai Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, Mercedes a Inugu da Fiat a Kano domin manyan motoci da taraktoci. Ta Peugeot da ke Kakuri ta fara aiki a 1975. Tallafin ya zo ta ƙofofi da dama a lokaci guda. Gwamnati ta sa jari. Ta tsauwala kuɗin fito a kan motar da aka shigo da ita a haɗe. Ta mayar da Peugeot 504 motar ofis tun daga manyan jami'ai. Ta ba ma'aikatanta bashin mota. Mafi girma duka, wanda ba ya bayyana a kasafin kuɗi, shi ne darajar naira: a 1980 naira ɗaya ta kusa dala biyu, saboda haka duk wanda ya sami lasin shigo da kaya ya sami kyauta.

Kalmar da ta dace da aikin Kakuri ita ce *harhaɗawa*. Inji da giya da mafi yawan sassan jiki daga Faransa suke zuwa a cikin akwatuna. Da tashar jiragen ruwan Legas ta cushe a tsakiyar shekarun 1970, ta jirgin sama aka riƙa ɗauko kayan daga Lyon zuwa filin jirgin Kano, sannan a ɗora su a mota zuwa Kaduna. A haka masana'antar ta kai ga fitar da motoci kusan 60,000 a shekara a farkon shekarun 1980, *Fijo* ta shiga Hausa ta zauna, wagon ɗinta ta mamaye tashoshin hanyar Gusau zuwa Sakkwato, wadda ta ratsa Talata Mafara, a-kori-kurarta ta ɗauki hatsi da albasa daga kasuwannin ƙauye.

Ƙungiyar ƙwadago ta yi ƙarfi a wancan zamani, babu musu. Ƙarin albashin Udoji ya zo daidai da buɗe masana'antar. Dokar soja ta 1978 ta tattara ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi ta mayar da su 42 a ƙarƙashin uwa ɗaya, ta kuma wajabta a cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. A watan Mayun 1981, ƙarƙashin Hassan Sunmonu, aka yi yajin aikin gama-gari da ya kai ga mafi ƙarancin albashi na naira 125 a wata, wanda a canjin lokacin ya kai kimanin dala 200. Abin lura a nan shi ne cikin buƙatun wannan yajin aiki har da maido da bashin mota da gwamnatin soja ta soke, wato ƙungiyar tana yi wa masana'antar neman masu saye ne.

Abin da ya biyo baya ya isa gwaji ga zargin tsadar ƙwadago. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, lasin shigo da kaya ya yi wuya, masana'antu suka riƙa rufewa na makonni saboda akwatuna ba su iso ba. Yusuf Bangura, yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya nazarci gwagwarmayar ma'aikatan Steyr na Bauchi a wannan matsi cikin wani aiki da ya fito a 1987. A 1986 gwamnatin Ibrahim Babangida ta saki naira. Zuwa 1987 dala ɗaya ta kai wajen naira huɗu, zuwa 1991 ta kusa goma. A wannan shekara aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 250, wanda bai wuce dala 25 ba. Cikin shekara goma, ke nan, ma'aikacin Nijeriya ya koma kashi ɗaya bisa takwas na kuɗinsa idan an auna da dala. Da tsadarsa ce cutar, da masana'antun sun warke a lokacin. Sai ga shi lokacin ne suka durƙushe, domin faɗuwar nairar da ta sa ma'aikaci ya yi araha ita ta ninka kuɗin akwatunan Lyon, ita kuma ta hana malamin makaranta da ma'aikacin gwamnati sayen sabuwar mota. Aka koma wa tokumbo ta Kwatano. Wanda ya ɗora wannan a kan ƙungiya ya bar jaki yana dukan taiki.

Sauran tarihin gajere ne. Tsarin mayar da alawus kuɗi na 2003 ya rage sayen motocin ofis. A 2006 aka sayar da hannun jarin gwamnati ga kamfanin ASD Motors. A 2012 hukumar AMCON, wadda aka kafa domin sayen basussukan da suka maƙale wa bankuna, ta karɓe kamfanin saboda bashi, kuma sai a 2020 ta miƙa shi ga sabon mai saye. Ceto ne irin na Detroit a siffa, sai dai an yi shi ne domin bankunan da ke bin bashi, a lokacin da dubban ma'aikatan shekarun 1980 suka riga suka watse.

5.0 Bakolori

A nan ne batun ya iso gida. Wani rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 1969 ya ba da shawarar a yi madatsa a Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, a bi aikin ban-ruwa sannu a hankali. Abin da aka gina ya zarce shawarar nesa ba kusa ba. Impresit, wanda yana cikin gamayyar kamfanonin Italiya da suka gina madatsar Kainji, ya shiga tun daga binciken yiwuwar aikin, sannan kwangilar ta faɗa hannun Impresit Bakolori, kamfanin da gwamnatin tarayya ke da kashi 60, ɓangaren Fiat ke da 40. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce uwar aikin. An kammala madatsar a 1978, da tafkin da ke ɗaukar ruwa kimanin mita miliyan 450 na murabba'in zurfi, da burin shayar da hekta 23,000, kusan kashi biyu bisa uku ta hanyar yayyafi da famfuna masu aiki da lantarki.

Babu wanda ya kira wannan tallafi ga kamfanin mota, kuma a takarda ba shi ba ne. Amma yana da kyau a tuna halin da Fiat ke ciki. Tashin farashin mai na 1973 ya karya kasuwar motoci a Turai, har a ƙarshen 1976 kamfanin ya sayar wa Libiya kusan kashi 10 na hannun jarinsa domin samun tsabar kuɗi. Kuɗin da ya tsere daga hannun masu sayen mota a Italiya ya taru ne a ƙasashe masu mai, kuma hanyar bin sa ita ce manyan kwangiloli. Gidan Fiat ba ƙananan motoci kaɗai yake yi ba, yana da tifa da tarakta da katafila. Idan mai ba da shawara a kan girman aiki shi ne zai yi aikin, kuma danginsa ne ke sayar da irin kayan aikin, ba abin mamaki ba ne a zaɓi tsarin da ya fi cin injuna. Björn Beckman, wanda shi ma ya koyar a Zariya, ya tafi a kan irin wannan fahimta a nazarinsa na Bakolori na 1985, kuma littafin da suka rubuta da Gunilla Andrae a kan alkama a wannan shekara ya nuna yadda burin noman alkama ya zama hujjar irin waɗannan ayyuka. Bakolori ya shiga sahun ayyukan ban-ruwa mafiya tsada a duniya idan an lissafa kuɗin kowace hekta.

Wanda ya biya abin da ba a rubuta a kwangila ba shi ne manomi. Tafkin ya tashi fiye da mutum 10,000, har da tsohon garin Maradun, aka mayar da su tudu mai ƙarancin albarka bayan sun saba da fadama. A yankin Talata Mafara da Bakura aka karɓi gonaki domin a baje su a haƙa magudanai, wasu manoma suka yi damina biyu ko uku ba su shuka ba. An sare ɗorawa da tsamiya da sauran itatuwan amfani. Da aka zo mayar da gonakin, iyakoki sun ɓace, wani ya sami ƙasa da abin da ya bayar, wani ya tarar da tasa a hannun wani. A ƙasan madatsar kuma, kamar yadda William Adams ya nuna, raguwar ambaliyar shekara-shekara ta rage shinkafar fadama da kamun kifi, kuma waɗannan mutane ba su ma shiga lissafin diyya ba.

Manoman sun kai ƙara, sun aika wakilai, daga bisani suka koma tare hanyoyi suna hana motocin kamfani wucewa. Wannan shi ne yajin aikin wanda ba shi da masana'antar da zai rufe. Kowace rana da injuna suka tsaya kuɗi ne a kan gwamnati, kuma hukuma ta zaɓi ta buɗe hanya da bindiga. Shehu Kangiwa ne gwamnan jihar Sakkwato a lokacin, 'yan sanda kuwa na tarayya ne. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ranar 28 ga Afrilu ba su kai 30 ba, wasu masu bincike sun kai adadin fiye da 380.

Idan aka ajiye wannan kusa da Turin na wata shida bayan haka, sai ma'anar “tsadar ƙwadago” ta fito ta wata fuska. Ma'aikacin Mirafiori yana da tsada ne saboda ba a iya kawar da shi kyauta: doka da ƙungiya sun tilasta a rubuta asararsa a littafi, a sami wanda zai biya. Manomin Birnin Tudu ya yi asarar da ba ta gaza ta wancan ba, amma ba ta shiga littafin kowa da cikakken ƙimarta ba, don haka aikin ya yi kamar ya fi araha fiye da yadda yake. Arhar da ake yabawa a wurin da babu ƙungiya sau da yawa nauyi ne da aka sauke a kan wanda ba ya cikin ɗakin da ake lissafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Su kuwa famfunan yayyafin da aka kashe maƙudan kuɗi a kansu, rashin lantarki da kayan gyara sun tsayar da su, aikin ya koma dogaro da ɓangaren da ruwa ke gangarawa da kansa ta magudanai, wanda bai wuce hekta 8,000 ba. Cutar Kakuri ce ta sake bayyana a gona: injin da ba a iya ciyar da shi sai da dala.

6.0 Zagaye na Biyu

A Oktoban 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta sake gwada riƙo. Sabon tsarin ya ɗora kuɗin fito na kashi 35 da ƙarin haraji na kashi 35 a kan ƙaramar motar da aka shigo da ita a haɗe, ya sauƙaƙa wa masu shigo da sassa. Daga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa dillalan da ke bi ta Illela da Jibiya. A wannan shekara aka naɗa Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da ya yi suna a General Motors da zanen Chevrolet Volt, shugaban hukumar raya ƙirar motoci ta ƙasa. Sai dai ƙudirin da zai mayar da tsarin doka bai sami sa hannun shugaba Muhammadu Buhari ba a 2019, kuma dokar kuɗi ta 2020 ta zaftare ƙarin harajin zuwa kashi 5. Mai zuba jari a masana'antar mota yana lissafin shekara ashirin ne, an kuwa sauya masa ƙa'ida cikin bakwai.

Irin wannan kariya tana da mai biya, ko da ba a cire ko kwabo daga baitulmali ba. Direban da ke lodi a tashar Talata Mafara bai taɓa sayen sabuwar mota ba, amma duk ƙarin da aka yi a tashar jiragen ruwa yana iso masa a farashin tsohuwar Golf ko Sharon da zai saya, shi kuma ya miƙa wa fasinja. Ƙungiyarsa, wadda 'yan tasha ke kira yuniyan, tana cikin 42 ɗin nan na 1978, amma aikinta tsara layi da karɓar kamasho ne, ba ta da mai gidan da za ta yi jingar albashi da shi. Bakaniken da ke gyara masa mota da yaransa masu koyon aiki ba su san albashin wata ba.

Jihar Zamfara kanta hujja ce a wannan muhawara. Dokar mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 ta fito a 2019, amma sai a tsakiyar 2024 aka fara biyan sa a jihar, daf da lokacin da tarayya ta ɗaga shi zuwa 70,000. Da arhar ma'aikaci ce ke kiran masana'anta, da Gusau ta cika da su, alhali masaƙar da take da ita ma ta daɗe da yin shiru. Sabuwar masana'antar Peugeot da Dangote ya shiga, wadda ta fara fitar da motoci a 2022, a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja aka kafa ta, kusa da masu saye. Abokin haɗin gwiwarta na waje shi ne Stellantis, kamfanin da aka samar a Janairun 2021 bayan haɗewar gidan Peugeot da gidan Fiat da Chrysler, wanda kuma a 2023 ya amince wa ma'aikatansa na Amurka da ƙarin albashi na kashi 25 bayan yajin aikin makonni shida.

A Bakolori kuma, gyaran da aka soma ƙarƙashin shirin TRIMING da rancen Bankin Duniya na 2014 ya karkata ga magudanan ruwa maimakon yayyafi. Shirin ya zo da sharaɗin a tsara manoma cikin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, a sashe-sashe na filayen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Cikin manyan ayyukan da aka ɗora wa waɗannan ƙungiyoyi akwai yashe ƙananan magudanai da tattara kuɗin ruwa daga hannun 'ya'yansu.